Sandar Ko-ta-kwana

Ranar Litinin, ɗaya ga watan Oktoba na shekarar 1979, ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ni a bakin kududdufi na yi ta. Babu makaranta, kuma duk mazan unguwarmu ta Ƙofar Guga sun tattaru a zaurukan da ke da rediyo. Zaurenmu na cikinsu. Baba yana zaune a kan buzunsa da hular da yake ɗinki a gwiwa, dattawa sun kewaye rediyon kamar za su hango mutanen da ke ciki, wannan na cewa a ƙara murya, wancan na cewa a tausaya wa batir. Ana cikin haka yayana Lawal ya leƙo daga waje, ya ƙyafta mini ido, ya ɗaga gwangwanin tana da ke hannunsa. Na sulale ta bayan dattawan na bi shi. Sanduna biyu ne a kafaɗarsa, doguwar gorarsa da duk yaran unguwa ke mutuwar so, da wata gajeruwa, baƙa, mai nauyi. Can gabas kuwa hadari ya fara haɗowa, irin na ƙarshen damina, mai yawan cika baki da ƙarancin ruwa.

Duk wanda na ce wa na yi kamun kifi a cikin birnin Katsina sai ya dube ni kamar na ce na ga kwalekwale a tsakiyar kasuwa. To, na yi. A wancan zamani unguwanni da yawa suna da kududdufinsu, ramin da kakanninmu suka yi ta haƙar ƙasar gini har ya zama tafki. Namu yana kusa da ganuwa. Da damina yakan cika ya tumbatsa, kwaɗi su hana mutane barci, masu jakuna su zo shayarwa, masu yin tubali su kafa sansani a gefe guda. Akwai tarwaɗa a ciki, akwai 'yan ƙananan karfasa masu ƙaya fiye da tsoka, akwai kuma gaiwa da ke kwanciya cikin taɓo duk rani ta farka da ruwan fari. Mu ƙanana da karan dawa muke fatsa. Zare muna tsinto shi daga ragowar ɗinkin Baba mu murɗa, ƙugiya kuwa tsohuwar allura ce da muke gasawa a murhun Inna mu lanƙwasa, sannan mu ɗaura guntuwar totuwa ta yi ta yawo a kan ruwa. In totuwa ta nutse, kifi ya ci. Inna, mahaifiyarmu, ta hana mu zuwa har ta gaji, don ƙarnin taɓon ba ya ɓoyuwa, tun daga zaure take gane inda muka fito.

Babanmu, Malam Iro, maɗinkin hula ne, kuma duk wanda ya san hula a garin ya san hannunsa. Mu biyu ne 'ya'yansa maza, sai ƙannenmu mata uku. Na fari aka sa masa Lawal, na biyu aka sa mini Sani, wato ko a suna ma an riga an faɗa mini matsayina. Baba ya raba mana aiki tun muna ƙanana. Yakan ce, "Ɗaya na allura, ɗaya na alƙalami." Yaya Lawal ya zauna kusa da shi a zaure yana koyon zane da cikon hula, shi ke wanke su ya sa sitaci, shi ke kai su kasuwa. Ni kuma aka sa ni boko. A shekarar nan ina ajin ƙarshe na firamare, ina da shekara goma sha biyu, kuma malamin ajinmu, Malam Bature, ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa in ban ci jarrabawar shiga makarantar kwana ba, to, ba wanda zai ci. Gaskiya ba ilimin ne ya fi cin raina ba. Akwatin ƙarfen nan da 'yan makarantar kwana ke zuwa hutu da shi, an rubuta sunansu da farin fenti a jiki, shi nake kwana da shi nake tashi da shi. Har na zaɓi launin nawa, shuɗi.

Shekarar zaɓe ce, hula ta yi kasuwa yadda ba ta taɓa yi ba. Duk wanda ya sa rai da kujera, ko da ta kansila ce, sai ya sake hula, 'yan rakiyarsa ma haka. Baba yakan yi dariya ya ce, "Tunda mulkin hula ya zo, ai mu ne gwamnati." Sai dai daidai lokacin da cinikin ya zo ne idonsa ya fara tafiya. Da farko kirana yake yi in zura masa zare a allura, yana cewa zauren ne ya yi duhu. Daga baya ya fara haɗa kore da shuɗi. Wata rana wani mai hula ya dawo da ita, bai yi faɗa ba, ya dai ajiye ta a gaban Baba ya ce a duba, abin da ya fi faɗa ciwo ke nan. Tun daga ranar, da zarar Baba ya tafi masallaci da la'asar, sai Yaya ya jawo hular da ya bari ya warware layin da ya karkace, ya sake ɗinka shi da sauri kafin ya dawo. Baba ya sani, mu ma mun san ya sani. Ko ni yaro na gane cewa tuwon gidanmu a kan idon Yaya yake tsaye, akwatina shuɗi ma haka.

Matsalar ita ce Yaya bai taɓa son allura ba. Hannunsa na yi, zuciyarsa na kan titi. Lokacin yaƙin neman zaɓe ya shiga cikin samarin da ke bin motar wani Alhaji na unguwarmu ƙauye-ƙauye, ya dawo da maƙogwaro a dishe da ƙura har cikin gira, amma fuskarsa na walƙiya. Alhajin ya ci kujerar majalisa, kuma a lokacin Kaduna ce babban birnin jiharmu. Sai magana ta fara yawo cewa zai tafi da Lawal, ya sa a koya masa tuƙi. Baba ya ci gaba da ɗinkinsa kamar bai ji ba. Inna kuwa ko ta so magana ba hali, don Lawal ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, in ta matsu sai ta ce "wancan". Ni ma ban tambaye shi ba, saboda ina tsoron amsar.

A cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne, wata Juma'a da safe, ya ce in zo mu je yankan sandar fatsa. Na yi tsalle, na ɗauka irin tasa zai samo mini. Gorar tasa wani yaron mota ne ya kawo masa daga kudu, doguwa, rawaya, ba nauyi, in ya wurga zare da ita har tsakiyar kududdufi yake kaiwa. Muka fita ta ƙofar gari muka ratsa gonaki, an yanke gero, dawa na tsaye tana jiran lokacinta. Duk reshen da na nuna sai ya kushe. Na nuna na bedi, wato dogon yaro, ya ce yana bushewa zai tsage. Na nuna wani siriri miƙaƙƙe kamar an ja shi da zare, ya lanƙwasa shi a gwiwa, ƙaras, ya miƙo mini guntayen biyu. Rana ta fara zafi, na fara ƙunƙuni. Daga ƙarshe wani Bafillace mai kiwo ya nuna mana wani kwari inda icen dargaza yake, ya ce su ma can suke yankan sandunansu. Yaya ya daɗe yana zagaya ta kafin ya sa adda. Abin da ya yanko kuwa ko kyauta aka ba ni a hanya ba zan karɓa ba, mai kauri, mai gaɓoɓi, ga ɗan doro a tsakiya. Ya kafa ta a ƙasa, ya gwada ta da ƙirjinsa, sannan ya sare kanta ya rage mata tsawo. Na ce ai ya ɓata ta, sandar fatsa da tsawo take taƙama. Ya ce, "Bar ta hakanan. Wagga ba ta ado ba ce, ta ko-ta-kwana ce." Da muka dawo gida ya gasa ta a wuta ya miƙar da doron, ya kankare ɓawon, ya yi kwanaki yana shafa mata man shanu har ta yi baƙi tana sheƙi. Ni dai ban daina jin haushinta ba.

Ita ce gajeruwar da ke kafaɗarsa ranar rediyon. Mun isa kududdufi mun tarar da yara biyar ko shida da karansu. Yaya ya wurga da gora, muka zauna. Ba a jima ba iska ta iso. Ta fara da kaɗa kan bishiyoyi, sai ta sauko kan ruwa ta yamutsa shi, ta kwaso ganye da yayi ta watsa mana a fuska. Aka ce iska na wahalar da mai kayan kara, ranar na ga haka da idona, don karan yaran nan wani ya karye, wani ya tashi sama, suka kwashi gwangwanayensu suka ruga gida. Gorar Yaya ma, duk kyanta, ta zama abin tausayi. Kanta sai rawa yake, zaren ya yi ciki, totuwa na tsalle a kan ruwa har ba ka iya bambance cin kifi da wasan iska. Sau biyu yana fizgowa ba komai, na uku zaren ya naɗe a reshe. Ya kwantar da ita a ƙasa, ya ɗora mata dutse, ya ɗauko baƙar ya miƙo mini.

Ya tsinke totuwar ya jefar, ya ɗaura wani tsohon notin keke kusa da ƙugiya don ya ja zaren ƙasa, ya sa ni na matsa daf da ruwa na juya wa iska baya, na sunkuyar da kan sandar. Na ce to, yaya zan san kifi ya ci, tunda ba abin da zan kalla? Ya ce, "Rufe idonka. Ran iska ba a kamu da ido, da hannu ake." Na rufe. Da farko ba abin da nake ji sai rugugin iska da rigata na bugun bayana. Sandar kuwa ko gezau, tana zaune a hannuna da nauyinta. Can sai na fara jin wasu abubuwa suna hawowa ta cikinta, notin yana gogar taɓo, ciyawa tana shafar zare. Sai kuma wani ɗan taɓi, sau ɗaya, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Ya sake. Na fizga da duk ƙarfina, sai ga tarwaɗa baƙa wuluk, kaurin damtsena, tana birgima a ƙasa. Na yi ihu har na manta da haushin sandar. Ban taɓa kama irinta ba, kuma ban sake ba.

Yaya ya taka kanta ya zare ƙugiyar, bai ɗago ba ya ce, "Sani, jibi zan tahi." Nan take murnata ta gushe. Na ce, "Baba hwa?" Ya ce, "Kana nan." Na ce, "Makarantata hwa, Yaya?" Nan ya kau da kai ya dubi ruwa. Daga baya ya ce in ya zauna da gindinsa zai riƙa aikowa, za a ɗauki wani ya taya Baba, komai zai daidaita. Yana faɗa yana naɗe zare, kuma ko shi bai yi kama da wanda ya yarda da abin da yake faɗa ba. Hadarin ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Muka dawo ta lungu, daga zauruka ana jin taken ƙasa da tafi a rediyo, wasu samari suna ta murna a bakin titi. Inna ta dafa tarwaɗar da yaji da daddawa, ta yi daɗi ƙwarai, kuma rabinta a kwano ta kwana.

Ranar tafiyar Baba ya kama hannun Yaya ya sa masa albarka, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Inna ba ta fito ba. Tana cikin gida tana daka, kuma tunda nake ban taɓa jin turmi ya sha duka irin na safiyar nan ba. Gorar kuwa, Yaya ya soke ta a rufin zaure ya ce zai dawo ya same ta. Kafin damina ta zagayo ƙwari sun cinye cikinta, na taɓa ta sai gari ya zubo.

Na fara da dawowa daga makaranta in zauna inda Yaya yake zama. Hannuna bai kai nasa ba, na soke yatsuna har suka yi kanta. Daga nan na fara fashin ranar kasuwa, sai fashin kwana biyu, sai mako. Ana gab da jarrabawa Malam Bature ya zo har zaurenmu da kekensa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce wa Baba, don girman Allah a bar yaron nan ya zauna jarrabawa, irinsu ba su da yawa. Baba ya ce, "Malam, ni ban hana shi ba. Ga shi nan, tambaye shi." Malam Bature ya juyo gare ni. Ina so in ce ina so, wallahi kalmar tana kan harshena. Sai idona ya faɗa kan hannun Baba. Allurarsa ce ta faɗi, yana lalube a kan buzu a hankali don kada baƙo ya lura, alhali ga ta nan a kan gwiwarsa tana ƙyalli, kowa na ganinta sai shi. Na miƙa hannu na ɗauka na sa masa tsakanin yatsu, na ce wa Malam Bature na fi son ɗinki. Ƙarya nake yi, kuma duk mu ukun mun sani. Ya yi mana sallama ya ja kekensa da hannu, bai hau ba har ya sha kwana.

Ba zan yi wa kaina kwalliya ba, na yi fushi, kuma na daɗe ina yi. Na yi fushi da Yaya, na yi fushi da idon Baba, na yi fushi da sunana. In 'yan ajinmu suka zo hutu da akwatunansu, canza lungu nake yi. Aka kai Baba asibiti a Kano, likita ya ce jijiyar idon ce ta mutu, ba aikin da za a yi. Bayan dawowarsa, wata Juma'a ya shirya zai tafi masallaci ya yi karo da dokin ƙofa, har goshinsa ya fashe. Inna ta shiga ɗaki, ta fito da baƙar sandar nan daga bayan ƙyaure, da zarenta da notinta. Na sa wuƙa na yanke zaren. Baba ya karɓa, ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya dogara. Ta zauna masa daidai, kamar tela ne ya gwada. A nan na tuna Yaya a kwari yana kafa ta a ƙirjinsa yana rage mata tsawo, na kuma tuna cewa tsayinsu ɗaya da Baba.

Shekaru muka yi da ita, ni a gaba riƙe da kai, shi a baya riƙe da gindi, masallaci, kasuwa, gidan suna, gidan gaisuwa. Baba mutum ne mai kunyar ya ce ya gaji. Amma sandar tana faɗa mini. In ƙafarsa ta fara nauyi ina ji, in yana tsoron kwata ina ji, in ya ji muryar wanda ba ya so ya gan shi a haka sai in ji ɗan taɓin nan a tafin hannuna, in karkata da mu wani lungu. Ba sai na waiwaya ba. Abin da aka koya mini a bakin kududdufi da ido a rufe, shi na yi ta aiki da shi har ƙarshen ransa.

Yaya bai yi mugunta ba, duniya ce ta fi ƙarfinsa. Da farko yana zuwa da Sallah da burodi da atamfar Inna, yana aiko da abin da ya samu. Da soja suka dawo kan mulki, al'amarin Alhajinsa ya watse, shi kuma ya gangara kudu yana tuƙin manyan motoci, labarinsa ya riƙa zuwa jefi-jefi. Da Baba ya rasu saƙo bai same shi da wuri ba, sai bayan an share makoki ya iso, ya rame, furfura ta fara masa tun bai isa ba. Na yi shekaru ina tanadin maganganun da zan faɗa masa, na jera su, na wasa su. Ya shigo zaure, muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya, sai ya hango sandar a jingine a kusurwa. Ya ɗauka, ya auna nauyinta a hannu, ya duba gindin da ƙasa ta cinye da wurin da tafin Baba ya lashe har ya yi santsi. Ya ce, "Ba ta karye ba." Na ce, "Ba ta karye ba." Na tambaye shi, ran da ya rage mata tsawo, da wa yake gwadawa? Ya jingine ta inda ya ɗauke ta, ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa. Sauran maganganun nawa har yau suna nan ban faɗa ba.

Yanzu babu kududdufin. An cike shi da shara da ɓaraguzai, an jera shaguna a kai, daidai inda na kama tarwaɗar nan wani yaro ne ke sayar da kayan waya. Kifi kuwa a kwali yake zuwa da ƙanƙararsa, 'ya'yana ba su san totuwa ba balle dargaza. Ina nan da rumfar hulata a babbar kasuwa, na rufa wa kaina asiri, kuma yanzu ni ma sai na ɗaga allura sama wajen haske kafin in ga kafarta. Duk 'ya'yana na sa su makaranta, kuma ranar da na biyun zai tafi ta kwana, ni da kaina na je na zaɓo masa akwati shuɗi, na tsaya a kan mai fenti har ya gama rubuta sunan. Sandar tana nan a bayan ƙyauren zaure. In damina ta zo ƙarshe, iskar nan ta taso daga gabas ba ruwa, nakan ɗauko ta in riƙe kan, in rufe ido in ɗan jira. Ba wanda ke taɓa ɗaya gefen.